Jan Baki a Bakin Ƙarfe

Ok Malsun shekararta sittin da shida, kuma tun da idon mijinta ya fara hazo ita ke jan motar. Duk shekara idan watan Mayu ya kama, sai su loda akwatunan ƙudan zuma arba'in a bayan farar motarsu, su ɗaura mata ɗakinsu mai taya, su bi furen itacen akasiya daga kudu zuwa arewa. Furen ba ya wuce kwana goma a wuri guda. Yana fara zuba a wannan kwari, yana buɗewa a na gaba, su kuwa suna biye da shi har iyakar ƙasar.

Ɗakin nan tsohuwar tirela ce ta masu yawon shaƙatawa, wadda aka shigo da ita daga Amurka tun 'yarsu Jinhi tana makaranta. Gado ɗaya ne a ciki, sai murhun gas, sai taga mai labulen da Malsun ta ɗinka da hannunta. A gaban tirelar akwai ƙarafa biyu da suka haɗe baki kamar kan mashi, ta nan ake ɗaura ta da mota. A tsakiyarsu jak yake tsaye, ƙafa ɗaya mai hannun juyawa, shi ke ɗaga gaban ɗakin ya sauke.

Ba cikin zuma aka haife su ba. A wata masana'antar takalma ta Busan suka haɗu, ita tana kan keken ɗinki, shi mijin nata Pyo Dalsu yana can ƙasa wajen masu gyaran ƙarafan da ake zuba tafin takalmi a ciki. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana goge ƙarfe da magagari. Ranar da aka rufe masana'antar bai fito da komai ba sai magagarai shida a naɗe cikin tsumma. Daga nan wani kawunsa ya bar masa akwati biyar na ƙuda, rayuwa ta juya.

A shekarar da abin ya faru suna wani kwari kusa da Chilgok. Fure ya fara zuba, lokacin tashi ya yi. Da hantsi Malsun ta kama hannun jak tana juyawa don ta ɗaga gaban ɗakin. Sai wani abu ya ce ƙararas a cikin ƙarfen, hannun ya kuɓuce mata, gaban tirelar ya faɗo rim. Ya datse kan takalmin robarta, amma bai taɓa yatsa ko ɗaya ba.

Dariya ta kama ta. Ta zare ƙafar tana kallon babban yatsanta yana leƙowa ta ɓular safa.

"Baban Jinhi, zo ka ga sabon yayi, takalmi mai taga!"

Dalsu bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya kama ƙafar, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da hannu, don idon ba ya gaya masa gaskiya. Ya jima a haka. Da ya miƙe abin da ya ce kawai shi ne, "Ba mu tashi sai an sa sabo."

Suka ɗaga gaban da jak ɗin mota, suka tokare shi da gungumen itace. Jinhi ta sayi sabo ta waya daga birni, bayan kwana biyu aka ajiye shi a kantin ƙauyen. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, da ƙanshin sabon giris. Dalsu ya kwance tsohon, ya kai sabon bakin ramin ƙarfen da tsohon ya fito ya danna. Ya ƙi shiga. Ya juya shi ya sake dannawa, nan ma ya ƙi. Ƙananan ramukan noti uku sun yi daidai, amma babban ramin tsakiya ya yi wa sabon jak ɗin kaɗan, da kamar kaurin tsinken cin shinkafa.

Myeong Duchil, maƙwabcinsu a kwarin, shi ma mai ƙuda ne, ya riga ya gama ɗaure kayansa. Ya iso da kofi a kofin takarda, ya leƙa ramin ya yi fito.

"Yaya, ɗan wannan abin? Bari in kira mai walda, kafin kofin nan ya huce ya faɗaɗa maka shi."

"Ya yanka mini shi kamar yadda kake yanka kankana?" in ji Dalsu. "Ramin da aka ci da wuta ba ya zagayewa daidai. Jak ɗin zai riƙa rawa a ciki."

"To a mayar a musanya."

"Mako guda ke nan, kuma ba tabbas wanda za su aiko ya shiga."

Duchil ya juya wajen Malsun. "Matar Yaya, ki yi masa magana mana. An ce tun shekaranjiya fure ya fara buɗewa can arewa a Cheorwon. Ku tokare abin nan da itace ku tafi, kowa haka yake yi."

"Ka taɓa ganin na yi masa magana ya ji?" ta ce. "Shekara arba'in da uku ina yi. Kai da ka zo da kofi ɗaya kake sa ran cin nasara?"

"Wallahi ki rabu da shi ki biyo ni, motata sabuwa ce."

"Motar ce sabuwa. Sanƙonka ya girmi nasa."

Duchil ya tafi yana ƙyaƙyata dariya. Washegari kwarin ya zama fayau, sauran masu ƙuda duk sun yi arewa. Ba a bar kowa ba sai su biyu da akwatunansu da wata tsohuwar akuya ta mutanen ƙauyen.

Dalsu ya jawo naɗin tsummansa daga ƙarƙashin gado, ya zaɓi magagari mai zagayen ciki. Ya zauna a kan akwatin da ba ƙuda a ciki, ya sa ƙarfen gaban ɗakin tsakanin gwiwoyinsa. Sannan ya ɗaga kai.

"Kina da jan baki?"

"Me zan yi da jan baki a dajin nan? Akuyar zan yi wa kwalliya?"

Amma akwai. A can ƙasan jakarta ta samo wanda aka saya mata don bikin Jinhi, sau ɗaya aka shafa shi. Dalsu ya sa ta shafe gindin sabon jak ɗin da shi, ya kai bakin ramin ya murza, ya cire. Inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe ja ya kama. Haka suke yi a masana'anta da jan fenti, in ji shi, wurin da ya yi ja shi za a ci. Sai dai yanzu shi ba ya ganin jan.

"Ina yake?"

"Ta wajen hagunka. A'a, ƙara gaba kaɗan. Nan."

Ta kama yatsansa ta ɗora a wurin. Ya fara gogewa.

Kwana uku suka yi a haka. Magagari yana tafiya yana dawowa, shuu, shuu, ba gaggawa, ƙurar ƙarfe tana zuba kan jaridar da ya shimfiɗa. Fure yana ta sauka daga itatuwa, fari fat, a kan hularsa, a kan kafaɗarsa, cikin kwanon shinkafar da ta ajiye masa. Ƙudan sun rasa abin kwasa, sai yawo suke yi a hankali, gunjinsu ya cika kwarin. Malsun tana zaune a bakin ƙofar ɗakin da jan bakin a hannu, rana tana dukan gwiwoyinta, barci yana ɗaukarta yana saki.

A cikin wannan gyangyaɗin sai ta riƙa ganin Busan. Ga ta tana saukowa daga benen masu ɗinki da gwangwanin abinci a naɗe cikin ɗankwali, warin roba mai zafi yana tasowa. Ga dogon ɗakin nan na ƙasa, maza ashirin a jere kowa da magagarinsa, amma tun daga matakala tana iya ware sautin nasa, don shi ba ya sauri. Ga shi da baƙin gashi ya sunkuya, bai san ta iso ba. Ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta tuna a lokacin ba su da Jinhi, ba ta san da wane suna za ta kira shi ba.

"Maman Jinhi. Shafa."

Ta farka, ta shafa, ya murza, ya cire.

"Yanzu fa?"

"Ya zagaye ko'ina, sai ɗan wuri ta gabanka."

"To mun kusa."

A rana ta biyu tafin hannunsa ya yi bororo. Ta ce ya ba ta ta karɓe shi. Ya ba ta, ta goga sau goma, ya saurara da kunne ya ce tana cin ƙarfen kamar mai jin haushinsa. Ta ce dama haushinsa take ji. Ya karɓe abinsa. Ta naɗe masa hannun da tsohuwar safa, ta dafa miyar waken soya da ganyen da ta tsinko a bakin rafi, suka ci a inuwar motar. Akuyar ta zo ta tsaya tana kallonsu har suka gama.

A rana ta uku da la'asar, jan bakin ya kusa ƙarewa, sai da ta riƙa ƙwaƙulo shi da tsinke. Dalsu ya bi bakin ramin da yatsa sau biyu, ya shafe shi da giris don kada tsatsa ta kama. Ya ɗauko jak ɗin ya kai, bai ko danna ba, ya saki kawai. Ƙarfen ya zame ciki sumul har ya zauna. Ya girgiza shi hagu da dama, ko motsi. Ya ɗaure notuna ukun da sifana, ya bi su ya sake ɗaurewa.

"Juya mu gani. Ja ƙafarki baya tukuna."

Ta ja baya ta juya hannun. Gaban ɗakin ya tashi a hankali daga kan gungumen, ba ƙara, ba nauyi, da hannu ɗaya ma ta yi.

Da asuba suka kama hanya. Ko da suka isa Cheorwon furen ya riga ya fara zuba, kwana huɗu kacal ƙudansu suka samu. Duchil ya cika gangunansa da zuma, yana shirin komawa gida. Ya zagaya jak ɗin, ya sa ƙafa ya tura, ya tsuguna ya leƙa bakin ramin.

"Kamar a haka aka ƙera shi," ya ce. "Amma Yaya, zumar bana ta wuce ka."

"Na sani."

Suna shirin juyawa kudu sai wata tsohuwa mai sayar da ganye ta ce musu su haura bayan dutsen can, itatuwan kastana sun kusa fure, ba mai kai ƙuda wurin. Ba su taɓa bin wannan furen ba, don zumarsa baƙa ce, kuma ba kowa ke saye ba. Malsun ta kalli mijinta, ya ɗaga kafaɗa. Suka haura.

Mako uku suka yi a can, a gefen wani rafi mai sanyi, hazo yana kwanciya a kan akwatunan kowace safiya har rana ta yi sama. Ranar da suka tatsi zumar farko, Malsun ta ɗebo a cokali ta miƙa masa. Ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Ɗaci."

"Kawo in mayar."

"Dakata," ya ce, ya riƙe cokalin. Ya sake lasa, yana juya ta a baki. "Ƙaro kaɗan."