Maiƙo a Kan Giyar Matapo

Matapo Vainerere ya girme ni da shekara biyu, amma benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan, domin sau biyu yana maimaita aji uku. Ni na fito da rubutu mai kyau, na zama malami. Shi kuwa ya fito da tabon bulala, ya koma gida ya gaji sana'ar ubansa, haɗa giya.

A tsibirinmu maza kan taru da yamma a wata rumfa cikin gonar kwakwa, nesa da idon fasto. Tumunu muke kiran wurin. Mai giya ne ke zama a tsakiya, ya cika ƙoƙon kwakwa guda, ya miƙa wa kowa bi da bi. A rumfarmu da hannun dama ake miƙawa, ba a karɓa daga hagu. Shekara talatin da ɗaya Matapo ya riƙe wannan kujera.

Aikinsa ba ya canzawa. Sai ya tafasa lemo da sukari da ganyen nan mai ɗaci da jirgin Rarotonga ke kawowa, ya juye a ganga, ya jira ruwan ya huce kafin ya zuba yisti. Wasu sun sayi ma'aunin zafi na gilas. Matapo yakan naɗe riga ya tsoma hannun dama har gwiwa, ya rufe ido, ya ce da saura, ko ya ce ya yi. Bayan kwana tara ya ɗura a kwalabe, bayan mako biyu a buɗe. Kumfar giyarsa kan tsaya a bakin ƙoƙo fara sol har ka gama sha. Yanzu ba a yin irinta.

Yana da shekara sittin da uku ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Matarsa, Mama Upokoina, ita ta yi jinyarsa. Kullum da safe takan zaunar da shi a bakin ƙofa, ta ɗauko man kwakwa da ta jiƙa furanni a ciki, ta yi masa tausa tun daga kafaɗa har yatsu. A wata na huɗu yatsun suka motsa. A na shida ya riƙe ƙoƙo, ya koma bakin gangarsa.

Ranar ɗurawa ya kira ni in taya shi rufe kwalabe. Da ya ɗaga murfin ganga sai muka ga wani abu shimfiɗe a kan giyar, yana ƙyalli launi-launi kamar ruwan bakin tashar jirgi.

"Yisti ne," in ji shi. "Ba komai."

Na yago takarda daga littafina, na taɓa saman giyar da ita, na ɗaga ta ga rana. Wurin ya yi haske har ana ganin yatsana ta baya.

"Maiƙo ne, Matapo. Yisti ba ya yi wa takarda haka."

Ya ɗanɗana, ba tsami, ba wari. Ya zura tiyo ƙasa ya janyo daga gindin ganga, ya bar saman. Duk da haka, da aka buɗe a tumunu giyar ta kwanta a ƙoƙo kamar shayin jiya.

Akwai wani Tangiiau, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar. Ya leƙa ƙoƙon ya ce, "Papa, wannan ta sha ce ko ta soya kifi?"

"Sha ka miƙo, ɗan banza. Tun kana tsirara nake wannan aiki."

"Ai shi ya sa. Giyar ma ta yi sanƙo kamar mai ita."

Matapo ya shiga farauta. Ya wanke kwalabe da toka da tafasasshen ruwa. Ya fere lemo tas, domin ɓawon lemo ma yana da mai. Ya sake ganga. Maiƙo bai fasa ba. A karo na uku ya fito tsakar gida, maƙwabta na ji, ya ce matarsa ce ke tatsar kwakwa a gangarsa idan ya juya baya. Ya kira ta ɓarauniya, ya kira ta ƙazama. Washegari ta zaunar da shi ta yi masa tausa kamar kullum.

Mutanen rumfa suka yanke magana: in giyar Kirsimeti ta zo ba kumfa, kujera ta Tangiiau ce.

Ni na gano abin. Wata safiya na biya ta gidan, na tarar tana shafa masa mai, hannun yana sheƙi. Ya tashi daga gabanta, ya nufi ganga, ya tsoma shi har gwiwa ya rufe ido. Da na ja shi gefe na gaya masa, da magana ta ƙare a nan. Amma shekara arba'in na yi ina ba da amsa a gaban aji. Sai na adana ta har yamma, na faɗe ta a tumunu, dalla-dalla, har da takardata.

Dariya ta ɓarke. Tangiiau har da riƙe ciki.

"Ashe duk watannin nan soyayyar Mama muke sha! Papa, ga ma'aunina, ara. Shi ba a yi masa tausa."

Matapo ya tafi gida ya ɗauki kwalbar man ya fasa a kan dutsen murhu. Na bi shi na ce ya wanke hannun da sabulu kawai. Ya ce sabulu ma yana kashe kumfa, kuma gaskiyarsa ne. Na ce ya tsoma na hagu. Ya ce hagu bai san zafi ba.

"Malam, ka gama koyarwarka. Fita."

Mako shida ba wanda ya taɓa hannun nan. Giyar Kirsimeti ta fito garau. Da aka buɗe kwalbar farko kumfa ta taso ta tsaya, fara sol, irin ta da.

Ya cika ƙoƙo, ya zo miƙawa. Yatsun sun riga sun lanƙwashe, gwiwar ta ƙi buɗewa. Ya yi nishi, ƙoƙon ya karkace ya zube a cinyarsa. Ya sake cikawa ya miƙa da hagu. Tangiiau ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Haba Papa. Kai ka koya mana dokar."

Suka matsar da shi gefen rumfa da kujerarsa ta roba. Tangiiau ya zauna a tsakiya ya raba giyar Matapo da hannunsa, kowa na sha yana yabawa. Ni ma na sha. Ban taɓa shan wadda ta fi ta ba.

Ni na raka shi gida tun rana ba ta faɗi ba. Mama Upokoina na bakin ƙofa tana tsinke ganyen gwaza. Ya zauna a gabanta inda ya saba zama, ya tallabo hannun dama da na hagu, ya ɗora a kan gwiwarta. Ta dube shi, ta ɗauke hannun a hankali ta mayar masa kan cinyarsa.

"Ƙazama ba ta da mai," in ji ta. Ta ci gaba da ganyenta.