Gonar Baba a Bakin Gandun Daji

Gonarmu tana bayan ƙauye, ta wajen hanyar Kurfi, ta yi iyaka da gandun dajin gwamnati. Babu shinge a tsakani, sai wasu turakun siminti da aka kakkafa tun ba a haife ni ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa wuce turakun nan bai ja tsaki ba.

Mutanen garinmu sun riƙe wata magana kamar karatu: gonar da itace ya yi yawa a cikinta, daji ce a idon malamin daji. Wai ran da za a sake awon iyaka, inda itatuwa suka ƙare nan zai kafa turke. Ni ban san wanda aka taɓa yi wa haka ba. Kowa dai yana da labarin ƙanin surukin wani can wajen Ɗantutture, kuma hakan ya ishi mai tsoro.

Don haka Baba ya ɗaura yaƙi da tsiro. Sauran manoma sassabe suke yi su bar kututture, shi kuwa sai ya bi saiwa da magirbi ya tono ta. Iska da shanun makiyaya suna kawo iri daga gandun, gawo da marke da kalgo suna fitowa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Inna ta taɓa roƙonsa ya bar mata wata 'yar ɗorawa da ta tsiro a kusurwa, ko don kalwar daddawa. Ya ce ta zaɓa, ɗorawar ko gonar. Ta daɗe tana ajiye masa tuwo ba magana.

Abin da ke ba ni haushi har yau, malamin dajin da muke tsoro wani dattijo ne mai tsohon keke, wanda kan tsaya ya sha furarmu. Ya sha gaya wa Baba ya bar ko gawo ne, ganyensa taki ne. Baba ya ce to, to. Da malamin ya juya baya sai Baba ya dube mu ya ce mun dai ji tarko da kunnenmu.

Masu awo ba su taɓa zuwa ba. Amma kowace damina ruwa na kwashe ƙasar sama, har kwazazzabo ya buɗe baki daga arewa. Gero ya koma kamar tsintsiya.

Shekarar da ƙafafun Baba suka gaza, ya matsa sai an kai shi ya ga shuka. Na goya shi a babur. Rana ta take, na duba gonar kaf babu inda zan zaunar da tsohona. Na tallabe shi muka tsallake turke zuwa gindin wani marke a cikin gandun. Ya jingina, ya daɗe yana kallon gonarsa daga can, fili fetal. Tausayinsa ya kama ni.

Can ya ce, "Tashe ni. Maishe ni gonata."

Na ce masa ranar ta yi zafi, ya bari ta yi sanyi.

"Gonar nan na tsare duk rayuwata. Cikinta ni ka zama."

Na mayar da shi, ya zauna a kan kunya. Na tuɓe rigata na riƙe a samansa har hannuwana suka gaji.