Gorar Isuhu

Wata Asabar cikin damina, shekarar da nake aji huɗu, muka dawo daga gonar makaranta da laka har gwiwa, murya ta dushe saboda waƙoƙin juyin juya hali. Muna shiga gida a Zongo muka tarar Yaya Sabi'u ya shimfiɗa kwalinsa a kan teburin ɗinkin Inna. Wasa ne da ya ƙirƙiro mana. Ya zana daji da kogi da kogo, kowannenmu marfin kwalba ne, shi yana faɗin abin da ya same mu a hanya, ɗan ludo da muke jefawa yana yanke hukunci. Wanda ya kai ayari ga dukiya shi ne madugu, kuma wata uku cur ba wanda ya ƙwace mini wannan sarauta.

Ranar Isuhu ya fara zama da mu, ɗan ƙanin Baba da ya zo daga arewa tare da masu shanu. Da aka ce kowa ya zaɓi kayan tafiya, na ɗauki ƙusata, wato takobi. Shi kuwa ya zaro tsinken tsintsiya ya ce doguwar gora ce. Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma da gorar yake dungurar ƙasa kafin ya taka, da ita ya auna zurfin kogi, ya tuƙa mu a kwalekwale irin na mutanen unguwar Avotrou ta bakin ruwa, ya kakkaɓo mana mangwaro da guzuri ya ƙare. Takobina ko kaza bai yanka ba. Yaya, wanda bai taɓa yaba mini ba, sai cewa yake yi, "Wannan ya san daji." Kishi ya cika ni, har tuwon rana na kasa ci.

Da aka tashi sallar la'asar na faki ido na karya tsinken gida uku. Yaya ya dawo ya duba, bai tambayi kowa ba, ya ce abin da ya karye a tebur ya karye a daji. Na wuce gaba ina taƙama, babu mai dungurar ƙasa. Jifa biyu, marfina ya faɗa rami a bakin kogo. Isuhu ya tura guntun tsinkensa wajena, Yaya ya girgiza kai ya ce ba zai kai ba. "In za ka gina ramin mugunta," in ji shi, "gina shi gajere." A ramin na zauna har aka tashi, Isuhu ya zama madugu. Bayan sati biyu suka koma arewa, ban ba shi haƙuri ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Yau jikokina a waya suke irin wannan wasa, bindiga kowa ke zaɓa, ni kuma sai da sanda nake zuwa kasuwar Dantokpa, ina dungurar ƙasa kafin in taka. Har yanzu abin da ke cina shi ne, Isuhu ya ga lokacin da na karya, kuma duk da haka ya miƙo.