Ranar da Inna ta saki bishiyata

Ko da tsufa zai kwashe min komai, ina jin abin da Inna ta yi wa bishiyata zai rage a kaina.

A lokacin muna haya a wata unguwa da ake kira Glenwood, a ƙasar waje. Wani dattijo abokin aikina ya koya min bonsai, wato renon bishiya a cikin ɗan faranti, ana datse mata rassa da saiwa don kada ta wuce kamu biyu. Tawa wata irin bishiya ce da ake kira elm, mai ƙananan ganye. Shekaru ina lanƙwasa rassanta da waya ina bin ta da almakashi, har dattijon ya ce ta isa a kai ta baje kolin masu wannan sha'awa. Murna ta hana ni zama, har wanda bai tambaye ni ba sai da na gaya masa.

Ana cikin haka mahaifiyata ta zo daga Maraɗi sunan 'yarmu. Ana gobe baje kolin na dawo daga aiki, na tarar da farantin a wanke tas, an kife shi. Na leƙa bayan gida, sai ga Inna da buta a hannu tana fara'a. Ta haƙa rami ta dasa bishiyar, ta warware wayar duka, har ta kewaye ta da duwatsu.

Na ce, "Inna, ai da gangan ake hana ta girma."

Ta ce, "Da gangan? Kai da ka sauke Alƙur'ani? Ka ɗaure baiwar Allah kamar ɓarauniya, kana ba ta ƙasa cikin cokali. Wa zai sha inuwar wannan, ƙadangare?"

Matata ta tsuguna a bakin ƙofa tana dariya har da hawaye. Na buɗe baki zan yi bayani, ni ma dariyar ta ƙwace min. Inna ta ce in na kuskura na tone ta, ba ta yafe ba. Washegari na je baje kolin hannu rabbana. Da dattijon ya ji labari, sai da ya nemi kujera.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Mun daɗe da barin gidan, amma ina bi ta layin. Bishiyar ta wuce rufin ɗaki, mutanen da ban sani ba suna zama a ƙarƙashinta. Daga nan na koyi cewa abin da na riƙe don a yaba min, in na sake shi yana iya zama sadaka. Ladan inuwar nan kuwa na Inna ne.