Inuwar Rawanin Malam

Shekarar da aka kawo mana wutar lantarki a Hotoro ina da goyon fari, muna zaune a gidan surukina, wanda kowa ke kira Malam. Maigidana ma'aikaci ne a wata masaƙa a Bompai, yana kula da injinan saƙa. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma yana da hali guda: duk yadda ya ga ana yi a kamfani, to shi ne daidai a duniya. Da a ce kamfani na tuƙa tuwo, da na sha gyara.

Ranar da aka zo ja mana waya bai bar mai aikin ya yi tunanin komai ba. Ya tsaya a kansa da rigar aiki yana ta nuni da yatsa. A masaƙa, in ji shi, fitilu can sama suke, haske ya sauko kan kowa daidai wa daida. Don haka kowane ɗaki ƙwan lantarki ɗaya, a tsakiyar rufi. A soron Malam ya fi zaƙewa, ya sa aka kafa tsani aka maƙala ƙwan can ƙololuwa. Sannan ya kwashe fitilun kananzir ya jibge a ɗakin ajiya, wai zamaninsu ya wuce.

A soron nan Malam ke ba da karatu tsakanin magariba da lisha. Ɗalibansa magidanta ne, ma'aikatan kamfanoni, wani ma tun daga Sharada yake tuƙo kekensa. Malam zai zauna a buzu da ƙaton rawaninsa, ya ɗora littafi a cinya, ya sunkuya. Ina madafi nake jiyo muryarsa, kuma ina sonta ƙwarai, don ita ce ke ɗebe mini kewar gidanmu.

Ba a jima ba muryar ta fara sarƙewa. Ya karanta layi biyu ya tsaya, ya goge ido da gefen rawani, ya sake farowa. Aka sayo kwalli, aka karɓo maganin ɗigawa a asibiti, duk a banza. Wata safiya na ji yana ce wa ɗansa, "Idanun nan sun tafi. Bayan babbar salla zan rufe karatu." Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana karantarwa, ya faɗi haka kamar yana ba da labarin wani. Ranar ko abinci kasa ci na yi.

Ni na gano abin, ba don wayo ba, sai don ni ce mai leƙe. Na kawo musu ruwa na tsaya bayan labulen ƙofar ciki. Soro fes, har takalman da ke bakin ƙofa ana iya ƙirgawa. Wuri ɗaya ne ke da duhu, shi ne shafin da Malam ke dubawa. Ƙwan na bisa kansa, yana sunkuyawa sai inuwar rawani ta rufe littafin ruf, kamar an kifa faifai a kwano.

To amma ta yaya zan faɗa? Tsakanina da Malam gaisuwa ce a durƙushe, kai a ƙasa. Dole na bi ta kan ɗansa.

Na ce, "Ƙwan soron nan ne ke hana Malam gani."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke da ko ƙofar kamfani ba ki sani ba? Da irin hasken nan muke ganin zare in ya tsinke."

"A tsaye kuke aiki ko a zaune?"

"A tsaye mana."

"Da rawani?"

Ya ja kekensa ya fita. Kwana uku yana cin magani, ni kuma na ƙi ba shi haƙuri, don na san gaskiyata.

A rana ta huɗu, Malam na masallaci wurin sallar magariba, sai ga maigida ya riga shi dawowa. Ya ce in ara masa mayafina. Na bi shi soro ina mamaki. Bai yarda ya hau buzun mahaifinsa ba, ya zauna dab da buzun, ya naɗa mayafin a ka yadda ya ga dama, ya ɗauki takarda ya sunkuya. Na so in yi dariya, don kama ya yi da mai tallan koko, amma da ya ɗago na ga fuskarsa sai dariyar ta koma.

Ya ce, "Wata huɗu. Wata huɗu ina cewa tsufa ne, ashe ni ne."

Washegari da kansa ya ƙaro waya, ya biyo da ita jikin bango, ya buga ƙusa daidai kafaɗar mai zaune, ta hannun hagu, ya sauko da ƙwan ya rataye shi a nan. Aikin bai yi kyan gani ba ko kaɗan, wayar ta karkace, ƙwan na reto kamar gauta.

Malam ya shigo, ya dubi ƙwan, ya dubi ɗansa, ya zauna a buzu. Ya buɗe littafi ya fara, ya zarce har ƙarshen shafi babu tsayawa. Sai ya ɗago kai.

Ya ce wa ɗaliban, "Batun rufe karatu, a bar shi. Kuma ku yafe mini, za mu koma baya. Watannin nan da ka nake karanta muku, akwai wuraren da na tsallake, kunya ta hana ni faɗa."

Maigidana na zaune a bayan ɗalibai, kansa a ƙasa. Malam ya juya shafukan baya, ya ce masa, "Matso nan ka riƙe mini takardun."