Gayyar da Ja'afaru Ya Yi wa Gari Alkawari

A ƙauyensu da ke gefen Minjibir, in gardamar iyakar gona ta tashi, Ja'afaru ake kira. Ba sarauta gare shi ba, ba karatu mai zurfi ba, amma ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. Abin da ya mallaka ke nan a duniya, sai tsohon babur.

Shekarar da fetur ya fi ƙarfin talaka, ya jingine babur ɗin a zaure, ya koma zaman gindin darbejiya da wayarsa. Nan ya kamu da wani wasan noma na waya: ka shuka, ka girbe, ba neman taki, ba fargabar fari. Ana nan sai masu wasan suka saki bidiyo, wai sabon salo na tafe, abokai za su riƙa shiga gonakin juna suna aiki tare.

"Ai gayya ce wannan," in ji Ja'afaru. "Ni zan fara shiga gonar kowa."

Ya bi majalisa-majalisa yana maimaita haka, yana cewa a sauke wasan a waya. Da wani ne ya faɗa, da dariya za a yi. Amma Ja'afaru ne. Wayoyin ƙauye kuwa cikinsu ƙarami, sai an goge wani abu. Iliyasu tela ya goge hotunan ɗinkunansa. Baba Uwaisu, dattijon unguwa, ya share bidiyon sunan jikarsa.

Sabon salon ya iso ana tsakiyar noman farko. Babu gayya. Abin da aka ƙara kawai, saniya tana iya sa tabarau.

Ja'afaru ya ƙaurace wa darbejiya. Ko masallaci ta lungu yake bi.

Wata safiya Baba Uwaisu ya yi sallama, Iliyasu na bayansa riƙe da fartanya.

"Ja'afaru, ka ce za ka shiga gonata ka yi aiki, ko ba ka ce ba?"

"Baba, masu wasan ne suka ce..."

"Ni ban san gidansu ba. Naka na sani."

Iliyasu ya miƙa fartanyar. "Tawa gobe. Ciyawa ta kai gwiwa."

Ja'afaru ya dubi fartanya, ya dubi dattijon, ya karɓa ya saɓa a kafaɗa.

"Ku biyu ne dai ko?"

Iliyasu ya matsa daga bakin zaure don Ja'afaru ya gani da kyau. Rabin majalisa ne a tsaye a waje, suna gardamar wa zai bi bayan tela.