Gonar da Kaka Ya Ba Asibiti

Jiya ina kakkaɓe adakar Inna na ci karo da atamfofi huɗu, kowacce ɗauke da fuskar sanatanmu. A ta farko matashi ne siriri, a ta ƙarshe kumatu sun cika hoton. Warin kafur ya bugi hancina, sai na tuna gonar Kaka.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a sanatan ya zo ƙauyenmu a ƙasar Bagudo, ina 'yar shekara tara. Maza gefe guda, mu mata gefe guda. Ya yi alkawarin gina asibiti, muddin za a samu fili. Ka san mu a lokacin, da damina ta kankama hanyar gari takan yanke, mai naƙuda sai a sa ta a kwalekwale zuwa asibiti a tsallaken ƙasar Benin. Kaka, mahaifin Baba, ya miƙe ya bayar da gonarsa ta tudu, wadda geronta ke kai mu har wata kakar. Ya ce yanzu da Shari'a ta zo, wa zai iya yin ƙarya a gaban limamai?

Aka jera bulo shida, aka shafa siminti, aka tafa. Shi ke nan.

Duk zaɓe sai ya dawo, a raba atamfa, a share ciyawa, a sake aza harsashi a kan bulon nan dai. Mu kuwa muna auno gero a kasuwa, gonarmu na tsiro da ƙaya. Abin ya ishi Baba, ya roƙi Kaka ya bari ko wake a yafa kafin magina su zo. Kaka ya ƙi.

"Hwilin ga na bayas da shi don Allah," in ji shi. "In sunka zo da motar yashi sunka iske shuka, ni ad da ƙarya ko su?"

Har yau in na tuna taurin kan nan raina ɓaci yake, kuma ban san da wa nake fushi ba, da Kaka ko da mai kumatun.

A daminar zaɓe na huɗu numfashin Kaka ya sarƙe. Hanya ta yanke kamar kullum. Aka sa shi a kwalekwale, ina riƙe da kansa a cinyata, bai kai tsallake ba. Maƙabarta ta cika da ruwa a shekarar, liman ya ce tun da filin nan na jama'a ne kuma tudu ne, a kai shi can.

Yanzu an yi kwalta har kusa da mu, yara suna kallon sanatan a waya yana neman komawa. Bulo shida suna nan. Kaburbura ne suka kewaye su, na Kaka ne na farko.